Kwana Tara a Kurmi

Rafin Kanya, ƙasar Ikara
Watan Safar, 1362

Zuwa ga taubashina Sada tela, a Bukuru.

Bayan gaisuwa mai yawa da tambayar lafiyarka da ta iyalinka, ina sanar da kai muna nan ƙalau, sai abin da ba a rasa ba. Inna tana gaishe ka, gwiwarta dai har yanzu tana yi mata gardama. Ƙanena Lawal ma yana gaisuwa. Ka bar shi yana kiwon awaki, yau ga shi da gemu, shi ke riƙe da gonar mahaifinmu Malam tun da Allah ya yi wa Malam rasuwa, ni kuma na dawo gida bayan takabata.

Na san za ka yi mamakin takarda daga wurina bayan shekara bakwai. Kakata da kakanka ciki ɗaya suka fito, amma tun da ka sayi keken ɗinki ka manta hanyar gida. Kada kuma ka ɗauka kewar fuskarka ce ta dame ni, ba wata fuska ba ce. Tambaya ce ta kama, Lado mai fataucin mazarƙwaila kuwa ya ce ya san rumfarka.

Garinmu yana ƙarewa, Sada. Ka tuna gayyar saran rafi, yadda ake fitowa da rani da adda da gatari har kalangu? Bana mutum goma sha ɗaya suka fita, suka sari abin da suka iya suka dawo. Samari sun watse, wasu Kano wajen dakon gyaɗa, wasu Makarfi wajen masu matsar rake, wasu sun bi layin dogo. Fulanin da ke sauka a gonakinmu bayan kaka sun tashi saboda ciwon sammore ya shiga shanunsu, don haka ba taki, ba nono. Kasuwar Laraba ta mutu, gishiri ma sai an je Ikara. Rafin ya rufe da duhuwa har yara ba sa zuwa wanka.

Yanzu kuma sai ga maganar diban gwamna. An ce ana rubuta sunayen maza ana kai su haƙar kuza nan wajenku, wata huɗu, ko mutum yana so ko ba ya so. An ce akwai masu littafi suna bin ƙauyuka, har sun kwana a Malikanchi. Lawal yana dariya, wai wata huɗu ba komai ba ne. Ni ba na dariya, shi kaɗai ya rage mana. Kai kake gani da idonka, ka faɗa mini gaskiya, wane irin aiki ne? In an rubuta shi, mu bar shi ya tafi?

Na sa maka kuka da daddawa kaɗan, in ba ka zama Bature ka daina cin tuwo ba.

Wassalam. Ni ce Ummulhairi.

Bukuru
Watan Rabi'ul Awwal, 1362

Zuwa ga Ummulhairi 'yar Malam.

Gaisuwa da fatan alheri a gare ki da Inna da Lawal da dukan mutanen gida. Muna lafiya. Kuka ta iso, daddawar kuwa tun daga bakin kasuwa ta yi mini sallama kafin Lado ya buɗe baki. Rubutunki ya fi na da kyau, bakinki ne dai bai canza ba.

To wasa ya tsaya nan, don abin da kika tambaya ba na wasa ba ne.

Na zo garin nan ina ɗinka wa leburori wando da taguwa. Tun da aka fara kawo 'yan diba, abin da na fi ɗinkawa likkafani ne. Ranar Juma'ar da ta wuce guda biyar na haɗa kafin azahar. Ana sauke su daga jirgin ƙasa da riga ɗaya, a zuba su a bukkokin ciyawa da iska ke ratsawa. Da safe a tura su rami, wasu cikin ruwa har ƙugu, wasu da kwanon sarki cike da ƙasa a ka, suna hawa suna sauka har rana ta faɗi. Mutumin da ya saba da zafin ƙasarmu, sanyin nan yakan shiga ƙirjinsa. Tari kwana uku, sai a aiko mini a ce in auna akokon likkafani. Akwai wani saurayi ɗan Likoro da ya zo na ɗinke masa yagar riga, muka yi hira, ya san gidan kawuna. Bayan mako biyu ni na yanka masa na ƙarshe. Tun daga ranar ba na tambayar kowa garinsu.

Saboda haka ki saurare ni da kyau. Duk wanda ya shigo Rafin Kanya da alƙalami da littafi, kada idonsa ya sauka a kan Lawal. Kome zai ce ya zo yi, kada ki yarda, ba sa faɗin abin da ya kawo su. Ku ɓoye shi. Ki faɗa wa mai unguwa Usmanu in ji ni, in yana son a sami wanda zai binne shi, ya ɓoye sauran ma.

Ki yi wa Inna sannu da ƙafa. Ɗan'uwanki, Sada.

Rafin Kanya
Watan Jimada Awwal

Zuwa ga Sada, tare da gaisuwa da fatan kana lafiya. Mu ma lafiya, ruwa ya sauka, an yi shuka.

Sun zo, kuma mun yi yadda ka ce. Na karanta wa mai unguwa takardarka, ya ce in maimaita wurin likkafani. Da aka hango su a hanyar Ikara, samari bakwai suka shige kurmin rafi, har da Lawal. Ba wurin da ya fi nan duhu, mutum zai wuce kusa da kai bai gan ka ba. Mun zaci kwana biyu za su yi, sai da suka yi tara. Mu mata muke kai tuwo a ƙarƙashin kayan wanki. Lawal ya fito duk jikinsa cizon ƙudan tsando, yana cewa gara ramin kuza da wannan zama. Na ce ya rufe mini baki.

Shida daga ciki an ce wa masu littafi sun tafi Kano. Na Lawal ne ya zo da tsautsayi. Malamin littafin, wani siriri mai ladabi, ya shigo zaurenmu ya ga garma jingine da ɗanyar ƙasa a bakinta.

Ya ce, "Baiwar Allah, wannan garmar fa ta wane ne? Na ga ba namiji a gidan."

Kaina ya ɗaure, na ji bakina yana cewa, "Ta ƙanena ce, Lawal. Sanƙarau ya ɗauke shi da bazara. Maƙwabta ke aron ta."

Inna tana daga ɗaki ta ji, sai ta fashe da kuka na gaske. Malamin ya cire hula ya yi mana ta'aziyya, ya juya wajen mai unguwa, shi kuma ya ce haka ne. Ya rubuta. Har yau Inna ba ta yafe mini wannan kalma ba.

Abu ɗaya ne ban gane ba. Ba maza kaɗai suka tara ba. Kowa aka sa a layi a gindin kanya, mata da tsofaffi da na goye, wani mai farar riga yana bi yana lalube wuyan mutum da yatsu. Wanda aka ji wa kaluluwa sai a tsaga ta da allura, a duba a wani madubi mai ƙafa. Mutum uku aka ware aka ce za a yi musu allurai. Sun kuma auna bakin rafi da igiya, har na ce yau asirinmu ya tonu, Allah ya rufa. Me haƙar kuza za ta yi da wuyan jariri? Wasu na cewa masu maganin ciwon barci ne, amma ka ce kada mu yarda da abin da za su faɗa.

Ka ba Lado amsa. Ummulhairi.

Rafin Kanya
Watan Sha'aban

Sada, ina gaisuwa. Ba mu ji daga gare ka ba wata uku, Lado ma bai dawo ba. Wannan zan ba wani mai kai barkono tashar Likoro ko Allah zai sa ta same ka. Ba zan ce muna lafiya ba.

Mutanen nan ba na diba ba ne. Jakadan hakimi ya zo makon jiya ya tara mu, ya ce masu ciwon barci ne, kuma abin da suka rubuta ya isa sama. Ya ce ƙudan tsando ne ke kawo ciwon, shi kuwa inuwar bakin rafi yake so, dole a riƙa sare ta kowane rani. Garin da ba shi da hannun da zai yi saran, tashinsa za a yi a haɗa shi da wasu a sabon garin da aka share wajen Anchau, inda aka gina rijiyoyi da kasuwa. Ya buɗa takarda ya ce maza masu ƙarfi huɗu aka samu a Rafin Kanya.

Ya ce, "Da ko goma kuka kai, da an bar ku kun gwada. Amma huɗu, ina za su kai? Ku shirya, bayan kaka za a tashi."

Mai unguwa ya sunkuyar da kai. Samarin nan bakwai suna bayan danga suna ji.

Wannan ma zan iya haɗiyewa. Lawal ne ba shi da lafiya. Ya fara da zazzaɓi mai zuwa yana tafiya, da ciwon kai. Na shafa bayan wuyansa na ji kaluluwa uku kamar gujiya. Sai a lokacin ya gaya mini ɗaya tana nan tun kafin ya shiga kurmi, bai ɗauke ta komai ba. Shekaranjiya na kai masa fura gona na same shi a tsaye, ya jingina da ƙotar garma yana barci, rana tsaka.

Mutum ukun da aka yi wa allurai sun warware, ɗaya ma har tana daka. Na ce zan kai Lawal. Mai unguwa ya zo da kansa ya zauna a zaure.

Ya ce, "Ummu, ki dube ni. Ni na shaida mutuwar yaron nan a gaban malamin gwamnati. In ya tashi ya je gabansu, ni gidan yari, sauran shidan kuma kuza. Ki yi haƙuri mu gwada na gida."

Uwayen shidan kullum suna gidanmu. Sai su zauna su taya ni tsince wake suna kallon ƙofa.

Kai ka zauna da mutanen nan, ka san halinsu. Me ake yi wa wanda ya yi musu ƙaryar mutuwa? In na fito da shi, za su yi masa magani ko za su ɗaure mu? Abin da ka ce shi zan yi. Ina jin tsoro, Sada.

Bukuru

Ummulhairi, a gaggauce nake rubutawa, mai tafiya yana tsaye a kaina. Muna lafiya, ina gaida Inna.

Na ga takardarki. Kin yi daidai, Allah ya yi miki albarka, ashe kan nan naki ba na ɗaukar tulu kaɗai ba ne. Maganar lalube wuya kada ta ruɗe ki. Aikin nan duk a ka ake yin sa, dole su duba wuyan da zai ɗauki kwano, kuma a nan har mata suna ɗauka. Zancen magani da suke yi, na gaya miki ba sa faɗin gaskiyar abin da ya kawo su.

Ana cewa za a sake wani diban, ya fi na baya yawa. Don haka kada Lawal ya fito gabansu, kome ya faru, kome aka ce miki. Wanda aka rubuta ya mutu ba mai neman sa, wannan kariya ce Allah ya ba ku. Ki daure.

Sada.

Rafin Kanya
Watan Shawwal

Zuwa ga Sada. Barka da sallah, ina fatan kun yi lafiya.

Amsarka ta same ni ana saura kwana shida azumi. Ba ka sa wata a kanta ba, ba ka kuma tambayi jikin Lawal ba, na ce ko sauri ne ya hana. Na riga na ɗaura wa jaki akumari a ranar, zan fita da shi ko mai unguwa ya so ko ya ƙi. Da na karanta inda ka ce kome ya faru kada ya fito, sai na kwance. Na karanta wa uwayen shidan, suka yi ta sa maka albarka.

Mun yi na gida. An yi rubutu ya sha, an yi turare, wanzami ya yi masa ƙaho a wuya. Ba abin da ya ragu. Yanzu sai ya sa lomar tuwo a baki barci ya ɗauke shi, in sa yatsa in ciro don kada ya shaƙe. Yana susa har jini. Yaron da bai taɓa ɗaga wa Inna murya ba, ranar sallah ya jefe ta da ƙwarya, da ya dawo hankalinsa ya yi ta kuka yana tambaya wa ya fasa. Dawar da ya shuka ta yi kyau, maƙwabta suka taimaka da maimai, shi bai san ma ta fitar da kai ba.

An sa ranar tashi, bayan babbar sallah. An fara kwance jinka. Ka gaya mini yadda ake tafiya da mamaci a kan jaki da rana, gaban dogarai, har Anchau.

Na sake karanta takardarka jiya, na rasa inda ka ce wani abu a kan ciwon. Anya ka karanta tawa har ƙarshe? Ban taɓa jin tsoro irin wannan ba, ko ranar da mijina ya rasu.

Ummulhairi.

Bukuru
Watan Zulƙida, ran sha biyu

Ummulhairi, innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Takardunki biyu, ta Sha'aban da ta Shawwal, yau suka shigo hannuna tare. Ta farkon ta kwana wata uku a jakar mai barkono. Wadda kika karanta ba amsarta ba ce. Tun watan Rajab na rubuta ta, amsar labarin kurmi ce, lokacin ban san Lawal yana ciwo ba, ban san kome ba. Na ba wani direba, ban san inda ya ajiye ta ba. Maganar wuya da kwano kuwa daga kaina na ƙago ta, ban tambayi kowa ba. Na ga abin da na gani a nan, sai na ɗauka duk mai littafi ɗaya ne.

Na rufe rumfa na tafi wurin wani malamin asibiti da nake yi wa ɗinki, na gaya masa komai ban ɓoye ba. Ya ce masu ciwon barci aikinsu daban, littafinsu daban, ba ruwansu da masu diba. Ya ce mai ciwo in ya zo ba a tambayarsa inda yake ranar ƙidaya, allura ake yi masa. Ya ce amma in barci ya fara kama mutum yana cin abinci, kada a ƙara kwana.

Ki ɗauke shi ranar da wannan ta same ki. Kada ki saurari Usmanu, kada ki saurari kowa, ni ma da ba ki saurare ni ba. Lado zai taho da ita hannu da hannu, na roƙe shi kada ya tsaya ciniki a hanya. Ina neman wuri a jirgi, sojoji sun cika shi, amma zan zo.

Ki yafe mini. Sada.

Sabon gari, wajen Anchau
Watan Muharram, 1363

Zuwa ga Sada, bayan gaisuwa. Inna tana nan da sauƙi. Lado ya ce har yanzu ba ka sami jirgi ba. In ka samu kada ka nufi Rafin Kanya, ba kowa a can sai kanya da rumbunan da ba su ɗauku ba.

Lado ya cika alkawari, kwana biyar ya yi. Ban jira gari ya tashi ba. Na ɗora Lawal a jaki, Lado yana riƙe da shi ta gefe don kada ya zame, muka fita ta gaban gidan mai unguwa da hantsi. Yana zaune a ƙofa yana kallonmu muka wuce. Kwana biyu muka yi a hanya, duk wanda na hango da jar hula sai in ɗauka dogari ne ya biyo mu.

Yadda aka gaya maka haka ne. Mai farar riga ya tambayi sunansa da garinsu, na faɗa ina jiran a kira dogari. Ya rubuta, ya ce in kwantar da shi a tabarma. Shi ke nan. Ba wanda ya tambaye ni komai, Sada. Wata uku ina tsare da shi a ɗaki saboda tambayar da ba wanda ya yi. Ya ɗaga fatar idonsa, ya dube ni ya ce, "Ina kuka kai shi tun damina?"

An yi masa allura uku. Bayan ta biyu ya farka sosai har ya gane ni, ya tambaya ko an yanke dawa, na ce an yanke, ta yi kyau. Ya ce a ba Inna ta farko. Ya rasu ranar Talata, kwana ashirin da bakwai da zuwanmu, mutanen garinmu suna shigowa da kayansu a ka. Su suka yi masa sallah, samarin shida suka haƙa kabari. Ba a kama kowa ba, Usmanu ma yana nan da rawaninsa.

Ka ce in yafe maka. Na yi fushi da kai, ba zan ɓoye ba, na yi kwanaki ba na son jin sunanka. Amma kai tsoro ka ji, ni ma tsoro na ji, kuma ni ce nake ganin wuyansa kullum. Na yafe. Kaina ne ban san yadda zan yi da shi ba.

Garin nan yana da rijiya mai murfi da tituna a miƙe, kasuwa tana ci, har Fulani sun fara kawo nono. An ba mu fili. Ban san wanda zai nome shi ba.

A nan doka ce, haihuwa ko mutuwa sai an kai wa malamin littafi. Bayan sadakar bakwai na je. Sai na tarar da siririn nan ne mai ladabi, wanda ya ga garma a zaurenmu. Na ce na zo faɗin rasuwar ƙanena, Lawal na Rafin Kanya. Ya buɗa, ya bi da yatsa, ya ɗago.

Ya ce, "Baiwar Allah, ai wannan tun farkon damina yake a rubuce. Ni da kaina na yi miki ta'aziyya, kin manta?"

Na ce ban manta ba. Na roƙe shi ya goge ya sa ranar gaskiya, Talata, cikin watan Zulhajji. Ya dube ni ya ce layi ɗaya ake ba kowane mutum, na Lawal ya riga ya cika.

Wassalam. Ummulhairi.